Ciwon ƙafa a kan keken tsere: kafin a sayi sabon kaya, a fara gwada kyamarar waya

Sabon mai keken tsere yakan gamu da matsala ɗaya bayan ya yi kamar awa guda yana tuƙi. Tafin ƙafa ya ɗauki zafi kamar an taka garwashi, yatsu su sage, wani lokaci sai ya tsaya a gefen titi ya cire takalmi. Daga nan sai ya shiga YouTube da Instagram neman mafita, su kuma su cika masa fuska da tallan takalmi mai tsada, da agogon Garmin, da na'urar auna ƙarfin taka feda. Kayan suna da amfaninsu, amma ba su ne maganin wannan ciwo ba. Yawanci matsalar tana ga yadda aka daidaita keken da jikin mai shi, kuma wayar da ke aljihunsa ta isa ta nuna masa inda aka kuskure.

Lissafin mai sauƙi ne. Mai keken da ke juya feda sau 90 a minti ɗaya ya juya ta sau 5,400 ke nan a awa guda. Kuskuren milimita biyar a tsayin sirdi ko a mazaunin ƙafa ba zai dame shi a juyin farko ba, amma maimaita shi sau dubbai yana matse jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan tafin ƙafa. Wannan matsi ne ke kawo zafi da sagewa.

Abin dubawa na farko shi ne takalmi. Ƙafa tana kumbura idan ta daɗe tana aiki, musamman a zafin rana irin na Kano ko Sakkwato a watan Afrilu. Takalmin da ya zauna daidai da asuba yakan zama matsi da hantsi. Sassauta igiya ko maɓallin ɗaurewa kaɗan a tsakiyar tafiya, da sa safa mara kauri, sukan kawo sauƙi nan take. Idan gaban takalmin ya yi wa yatsu ƙunci, tsadarsa ba za ta faɗaɗa shi ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Shimano da Lake suke yin samfuri masu faɗi.

Na biyu shi ne kilit, wato ɗan faifan da ake ɗaurewa a ƙasan takalmi domin ya maƙale a feda. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irin wannan feda a 1984, kuma Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France da ita a 1985. Sababbin mahaya sukan ɗaure kilit can gaba kusa da yatsu, sai nauyi ya taru a wuri guda. Mayar da shi baya da milimita kaɗan, wajen dunduniya, yana raba nauyin, yana kuma rage wa agara aiki. Launinsa ma yana da ma'ana. A tsarin SPD-SL na Shimano, ruwan ɗorawa yana barin ƙafa ta ɗan karkata har digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa ba ya motsi ko kaɗan. Wanda ya fara yau bai kamata ya ɗauki ja don kawai ya yi masa kyau a hoto ba.

Na uku shi ne tsayin sirdi. Keke da yawa a kasuwanninmu na gwanjo ne, an daidaita su da jikin wani mutum a wata ƙasa. Idan sirdi ya yi tsawo, mutum zai riƙa miƙa yatsu don ya kai feda, nauyi ya koma gaban ƙafa. Akwai wani tsohon lissafi da Greg LeMond na Amurka, wanda ya ci Tour de France sau uku, ya yaɗa: a auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai samu kusan santimita 70.6, kuma ana auna shi ne daga tsakiyar inda hannun feda yake juyawa zuwa saman sirdi.

A nan waya take shigowa. A hau keken, a dafa bango ko wani ya riƙe shi, a ajiye waya daga gefe daidai tsayin ƙugu, a ɗauki hoto lokacin da feda take can ƙasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce gwiwa ta lanƙwashe tsakanin digiri 25 zuwa 35. Akwai manhajojin auna kusurwa kyauta a Play Store, akwai kuma MyVeloFit, wadda ke karɓar bidiyon waya ta auna gaɓoɓi da fasahar AI. Sai a canza abu ɗaya kawai, a yi tafiya biyu ko uku, a rubuta yadda ƙafar ta ji a Strava. Wanda ya canza sirdi da kilit da takalmi rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Wasu za su ce waya ba za ta maye gurbin ƙwararre ba, kuma da gaskiyarsu. Tsarin Retül na kamfanin Specialized yana auna motsin jiki da na'urori na musamman, yana ganin abin da hoton gefe ɗaya ba zai nuna ba. Sai dai irin wannan wuri ba ko'ina ake samunsa ba, kuma kuɗinsa na iya kusantar kuɗin keken gwanjo. Gwajin waya bai wuce ɗan data da mabuɗin kwance sirdi ba.

Akwai iyakar da manhaja ba ta tsallakewa. Idan ƙafa ta ci gaba da sagewa sa'o'i bayan an sauka daga keke, ko ciwon ya tsaya tsakanin yatsa na uku da na huɗu, ko kuma mai keken yana da ciwon suga, to maganar ta koma ta likita. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya fi dacewa da sabon mahayi shi ne ya auna kafin ya saya.