Yaran Zakirai ba tunani suka rasa ba

Idan jarrabawar shiga sakandare ta NECO ta matso, sai ka ga allon aji shida a Zakirai cike da tambayoyin kwatanta kalmomi da Turanci: tsuntsu da sheƙa, to ƙudan zuma da me? Malam ya rubuta amsa, yara su yi ta rerawa har a tashi. Ni dai wannan hadda ba ta kwanta mini ba.

Tambayi yaron da ke kora awaki da yamma: gero da rumbu, to ruwa da me? Kafin ka rufe baki ya ce randa. Na kusa da shi ya ce a'a, tulu, su kaure da musu. Wannan musun ai shi ne darasin. Tunanin yana nan, kalmomin Turancin ne babu, ga shi wasu littattafan suna kawo misali da dusar ƙanƙara, abin da ɗan Zakirai bai taɓa gani ba.

Jarrabawa da Turanci za a rubuta ta, babu makawa. Amma malamai su fara da Hausa, da kayan gona da na kasuwa, sannan a ɗora Turancin a kai, kalma biyar a rana.