Hutu a Maldibs: ƙasar da tuwonta ke hannun baƙo

A 'yan shekarun nan, ya zama al'ada a tsakanin wasu masu hannu da shuni da manyan ma'aikatanmu, musamman sababbin ma'aurata, su bi ta Dubai ko Doha su sauka a Maldibs domin hutawa. Dalilan a bayyane suke: ƙasa ce ta Musulmi, ana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, ga kuma hotunan ɗakuna a kan shuɗin ruwa da suka cika Instagram. To amma yana da kyau mai karatu ya san irin ƙasar da yake shirin kai kuɗinsa, domin abin da ke bayan hoton ya fi hoton ban sha'awa, ya kuma fi shi ban tsoro.

Maldibs tarin ƙananan tsibirai ne kusan 1,200 a Tekun Indiya, kimanin 200 ne kawai ke da mazauna, kuma jama'ar ƙasar duka duka ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba. Kafin shekarar 1972, lokacin da aka buɗe masaukin baƙi na farko, kamun kifi ne abin dogaronsu. Tsarin da hukumomi suka shimfiɗa tun daga wancan lokaci shi ne a ware tsibiri guda wanda babu kowa a kansa, a ba otal guda. A can ake sayar da barasa, a can Bature zai yi shigar da ya ga dama, alhali a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune doka ta hana. Wato an raba hanta da jini: a karɓi dalar baƙo, a kuma nisanta shi da jama'a. Sai a 2009, zamanin Shugaba Mohamed Nasheed, aka amince wa 'yan ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a garuruwansu, kamar yadda ake gani a tsibirin Maafushi a yau.

Ko shakka babu, wannan dabara ta yi musu rana, domin a 2024 yawan baƙin da suka shiga ƙasar ya haura miliyan 2. Sai dai wanda abincinsa ke hannun baƙo, to bakinsa ma yana hannun baƙo. Abin da ya faru tsakaninsu da Indiya ya isa misali. A 2023 Mohamed Muizzu ya ci zaɓen shugaban ƙasa da alƙawarin korar sojojin Indiya, waɗanda ba su ma kai 100 ba, tare da karkata ga ƙasar Sin. A watan Janairun 2024, bayan Firayim Minista Narendra Modi ya ziyarci tsibiran Lakshadweep na ƙasarsa yana tallata su, wasu ƙananan ministocin Maldibs uku suka yi masa ba'a a intanet. Nan take Indiyawa suka shiga kiran a ƙaurace wa Maldibs. Gwamnati ta dakatar da ministocin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Indiya, wadda ita ce ta ɗaya wajen yawan baƙi a 2023 da mutum sama da 200,000, ta sauko zuwa kimanin 130,000 a 2024.

Sojojin dai sun fice a watan Mayun 2024, kamar yadda Muizzu ya nema. Amma kafin shekara ta ƙare sai ga shi a birnin Delhi, a watan Oktoba, yana roƙon Indiyawa su dawo hutu, ya kuma samo tallafin musayar kuɗi na dala miliyan 400, a daidai lokacin da asusun ajiyar ƙasarsa na waje ya kusa ƙafewa. A watan Yulin 2025, Modin da aka yi wa ba'a shi ne babban baƙo a bikin cikar ƙasar shekara 60 da samun 'yancin kai. Ba na ganin wannan a matsayin gazawar mutum ɗaya. Duk wanda ya hau wannan kujera, lissafin da zai tarar ke nan: ƙasar na shigo da kusan duk abin da take ci da man da take ƙonawa, ga bashin Sin da na Indiya, ga takardar sukuk ta dala miliyan 500 da aka sanya wa'adin biyanta a 2026. Mu da muka ga yadda faɗuwar farashin ɗanyen mai ke girgiza naira ba ma bukatar dogon bayani a kan tattalin arziki mai ƙafa ɗaya. A 2020 ma, da annobar korona ta tsayar da jirage, arzikin Maldibs ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Sannan ga teku. Galibin ƙasar bai fi mita ɗaya da rabi a saman ruwa ba, shi ya sa igiyar tsunami ta Disamban 2004 ta yi mata mummunar ɓarna, shi ya sa kuma a 2009 Nasheed ya gudanar da taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa domin jawo hankalin duniya ga ɗumamar yanayi. Abin takaicin shi ne, jiragen da ke kawo musu abinci suna cikin masu ƙara zafin da ke neman cinye su. Sharar otal-otal da ta babban birni Male kuwa, tun 1992 ake jibge ta a Thilafushi, tsibirin da ba a saka shi a takardun talla.

Duk wannan yana komawa aljihun matafiyi. Gwamnatin da bashi ya yi wa katutu, baƙo take tatsa: a farkon 2025 harajin muhalli a manyan otal-otal ya ninka zuwa dala 12 kan kowane mutum a kowace rana, a watan Yuli kuma harajin hidimar baƙi ya koma kashi 17 cikin 100. Mai niyyar zuwa ya tambayi dillalin tafiyarsa ko farashin ya haɗa da waɗannan, da kuɗin jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama da zai kai shi tsibirinsa. Ya kuma yanke shawara tun daga gida: otal na keɓaɓɓen tsibiri, inda yawancin ma'aikata 'yan ci-rani ne daga ƙasashe irin su Bangaladash, ko kuwa masaukin cikin gari, inda zai ji kiran salla, ya ci kifin tuna da kwakwa tare da masu ƙasar, a farashin da bai kama ƙafar na farko ba.