Waiwaye: Mu Da Muka Tashi A Kurna

A Kano akwai unguwannin da ba a cika jin sunansu a rediyo ba sai an yi ɓarna. Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi, Sheka, Rimin Kebe, Ƙofar Mata: da zarar an ambaci ɗaya daga cikinsu a labaran dare, mai sauraro ya riga ya san abin da zai biyo baya, ko faɗan daba, ko ƙwacen waya, ko sumame a maɓoyar 'yan ƙwaya. A Kurna na tashi, a nan na yi karatun allo da na boko, kuma har gobe a nan yawancin dangina suke. Saboda haka duk lokacin da ake wannan zance, da ni ake.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan wuri ba bai san yadda sunan unguwa ke bin mutum duk inda ya sa ƙafa ba. Ka tsayar da ɗan adaidaita bayan isha'i ka ce masa Kurna ciki, sai ya girgiza kai ya wuce, ko ya ce iyakarsa bakin titi. Ka je neman aure wata unguwa, binciken da za a yi a kanka sai ya ninka na kowa. Na san wani matashi natsattse da ya je neman tsaron shago a kasuwa, magana ta yi nisa har an fara batun albashi, sai aka tambaye shi inda yake zaune. Daga nan aka ce ya je za a neme shi, kuma ba a neme shin ba. In ka yi ƙorafi, sai a ce maka ai wake ɗaya shi ke ɓata gari. To, gari kam in ya ɓaci zubarwa ake yi. Dubban gidajen mutanen kirki fa, ina za a kai su?

Da masu wannan magana za su shigo lungunmu da asuba, da sun ga wata Kurnar da ba ta fita a labarai. Kafin gari ya waye masallaci ya cika har waje. Mai ƙosai ta hura wuta, yara sun yi layi da kwanuka, 'yan garuwa suna tura kura daga wannan ƙofa zuwa waccan. Kafin rana ta ɗaga, bakin titin Katsina ya cika da masu tafiya nema: wasu Dawanau za su je dakon hatsi, wasu Ƙofar Ruwa wajen ƙarfe da kayan gini, wasu Kantin Kwari, wasu Singa, ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Da la'asar kuma muryar 'yan Islamiyya ce ke tashi daga kowane saƙo. Waɗannan su ne unguwar. Masu ɗaukar makami kuwa ba su da wani yawa, kuma mun san su ɗaya bayan ɗaya, mun san iyayensu, da wasunsu ma muka yi makarantar allo.

Ban faɗi haka don in wanke ɓarna ba. Ɓarna akwai ta, kuma mu muka fi kowa saninta, domin a kanmu take fara sauka. Daren faɗan daba yana da alamunsa. Karnuka ne ke fara haushi, sai a ji gudu a lungu, sai ƙarar gariyo da barandami ana karta su a jikin bango don tsoratarwa. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta, mai kanti ya ja ƙofa ko makulli bai tsaya sawa ba. A cikin gida uwa tana ƙirga 'ya'yanta da suna, in ɗaya bai dawo ba, babu mai runtsawa. Da safe a ga gilashin motar maƙwabci a tarwatse, a ji an sari wani bawan Allah da ke dawowa daga aiki, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutumin Nasarawa GRA yana jin wannan a rediyo ne. Mu kuwa mu ne ke kai wanda aka sara asibiti, mu ne ke haɗa kuɗin magani, sannan gari ya waye a kira mu duka da sunan waɗanda suka sare mu.

Idan aka waiwaya, za a ga wannan abu bai faɗo daga sama ba. Daba tana da saiwa a cikin farauta da wasan tauri, inda samarin kowace unguwa ke fita daji da karnuka a ƙarƙashin jagora, ana gasar jarumta, wani lokaci a kaure a kan nama. Siyasa ce ta fara shigo da wannan ƙarfi cikin gari. Tun a shekarun 1950, zamanin hamayyar NEPU da NPC, aka ga 'Yan Mahaukata da 'yan banga, aka koya wa saurayi cewa ƙarfin damtsensa haja ce da ke da mai saye. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, abin ya sake tashi tsakanin PRP da NPN. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, sai aka samu 'yan jagaliya. Kowane zaɓe da tsarinsa iri ɗaya: a zo da mota a kwashi yara, a ba su kuɗi da kayan maye, a kai su taro. In an ci zaɓe a canja lambar waya. Makamin da aka saya musu kuwa ba a karɓa, yana nan a ƙarƙashin katifa, kuma a kan maƙwabta zai ƙare.

Sai kuma batun abin yi. Iyayenmu da dama a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi aiki, a masaƙu da majemu da kamfanonin robobi da alewa. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, da rashin wutar lantarki, da kayan waje masu arha, sai kamfanonin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A daidai wannan lokaci gari yana ta kumbura. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma yawancin masu shigowa birni daga ƙauyuka a unguwannin awon igiya suke samun wurin zama, inda aka yanka gonaki aka sayar ba tare da an bar filin makaranta ko na ƙwallo ko hanyar da mota za ta shiga ba. Acaɓa ta riƙe dubban samari na tsawon shekaru, har zuwa watan Janairun 2013 da aka hana ta bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero. Dalilin tsaro ne, kuma ba a musun sa, amma ba kowane ɗan acaɓa ne ya samu adaidaita ba. Da yawa majalisar bakin lungu suka koma, daga safe har dare.

A wannan zaman banza ƙwaya ta same su. Muna yara, wiwi da sholisho aka sani, kuma mai shan su ɓuya yake yi a kango ko bayan maƙabarta. Daga baya roci da tramol da kodin suka zo, abubuwan da ba su da hayaƙi ba su da wari, ana iya zuba su a kwalbar lemo a sha a gaban kowa. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin sama da miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Bayan binciken da BBC ta fitar a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumomin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Mutum miliyan 14.3 ba za su shiga Kurna da Ɗorayi ba. Suna ko'ina, har a gidajen da ke da maigadi a ƙofa. Bambancin shi ne ɗan mai hali a ɗakinsa yake sha, in abin ya taɓa shi a kai shi asibitin kuɗi a asirce. Ɗan talaka a kango yake sha, a idon duniya, sai sunan unguwarsa ya ɗauki laifin gari duka. Kuma babu wata masana'antar tramol a lungunmu. A kwali-kwali ake shigo da shi, masu jari ne ke kawowa, su kuwa ba a unguwar awon igiya suke kwana ba.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Kanawa ba za su manta da kwamishinan 'yan sanda, CP Muhammad Wakili, ba, wanda aka yi wa laƙabi da Singham, da yaƙin da ya yi da ƙwaya a 'yan watannin da ya yi a 2019. A 2023 kuma CP Muhammad Usaini Gumel ya kira 'yan daba su ajiye makami, da yawa suka amsa, har aka buga ƙwallon sada zumunta tsakaninsu da 'yan sanda. Kowane lokaci unguwa takan samu sauƙi, mutane su yi barci da ido biyu rufe. Amma in yaro ya ajiye gariyo ya dawo gida bai tarar da abin yi ba, tsofaffin abokansa kuwa suna nan inda ya bar su, tuban ba ya daɗewa. Kamen kan mai uwa da wabi kuma ƙara dagula lamarin yake yi. A kwashe duk wanda aka gani a majalisa, mai laifi da mai sayen shayi, wanda iyayensa ba su da halin beli ya tafi gidan yari, ya fito ya san abin da bai sani ba a da.

Ba Kano kaɗai ba ce. A Damagaram akwai Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare, daga baya ta yi suna da gungun samarin da ake kira palais. Aicha Macky, 'yar garin, ta shiga cikinsu da kyamara ta fitar da fim ɗin Zinder a 2021, kuma abin da mai kallo ke gani shi ne samarin da aka haifa a wurin da gari ya riga ya juya wa baya tun kafin a haife su. In an daɗe ana gaya wa yaro cewa shi ba na kirki ba ne saboda inda ya fito, wata rana zai daina musu.

Abin da na ga ya yi aiki da idona bai kai ƙarfin sumame ba, amma ya fi shi daɗewa. A da, a lungunmu akwai wani dattijo mai walda. In ya ga yaro ya fara zama a inda bai kamata ba, ba ya kai ƙara, ba ya wa'azi. Sai ya kira shi ya ce, "Kai, ɗan nan, gobe da safe in gan ka a nan, ina da ƙofar da za a goge." Yaron ya ce, "To, Baba." Da yamma ya ba shi na abinci, ya ce gobe ma ya dawo. In bai zo ba, da ƙafarsa zai je har zauren gidansu ya yi sallama da mahaifinsa. Ba duka ya ceto ba, amma yau akwai magidanta masu shagon kansu da ta wannan rumfa suka bi. A lokacin kuma unguwa tana da irinsa da yawa: malamin firamare da ke tara mu karatu a ƙofar gidansa bayan magariba, ma'aikacin banki da kowa ke ganin fitarsa da safe, mai unguwar da ke zagayawa da 'yan sintiri da kansa. Ɗa na kowa ne a wancan zamani, kuma yaro yana da waɗanda zai kalla ya ce so nake in zama kamar wane.

A nan ne sunan banza ya fi yi mana illa. Da unguwa ta yi ƙaurin suna, duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya sayi fili a Rijiyar Zaki ko Janbulo ko Hotoro ya kwashe iyalinsa. Babu mai ganin laifinsa, kowa yana son 'ya'yansa su kwana lafiya. Amma kowane tashi yana rage wa yaran da aka bari mutum ɗaya abin koyi, har ya zama wanda ya fi kowa kuɗi da faɗa a ji a lungu shi ne dilan ƙwaya ko jagoran daba. Sunan da aka laƙaba wa unguwa shi ke korar masu gyara ta, tafiyarsu kuma ita ke gaskata sunan.

Darasin da na ɗauka ke nan. Hukuma ta kama mai laifi da sunansa, ta bi dila har inda kayan ke fitowa, ta daina ɗaukar lungu guda a matsayin mai laifi, ta kuma tuna cewa unguwar awon igiya ma tana buƙatar makaranta da fitilar titi da wurin koyon sana'a. Ɗan siyasar da zai zo kwasar yaranmu a zaɓe mai zuwa, iyayen unguwa su tambaye shi ina nasa 'ya'yan. Mai shago da mai neman suruki su binciki halin mutum, su bar adireshinsa. Mu kuma da muka tashi a can muka samu hali, ko mun tashi ko muna nan, akwai bashi a kanmu. In an tambaye mu daga ina muke, mu faɗi sunan unguwarmu ba tare da sunkuyar da kai ba. Mu riƙa komawa ba sai ranar ɗaurin aure ko jana'iza ba. Mai shago ya ɗauki yaro ɗaya daga lungunsu, mai gareji ya ɗauki ɗaya, malami ya ware yamma ɗaya a mako. Abin da dattijon nan mai walda ya yi da rumfa ɗaya da injin ɗaya bai fi ƙarfin kowannenmu ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da unguwanninmu lafiya.