Masu Taya Alƙali: Gara Su Tambayi Kotu Da Su Tambayi Google

A kotunan Najeriya alƙali shi ke sauraron shaidu, shi ke yanke hukunci. A Ingila da Amurka kuwa, in laifi ya yi girma, mutum 12 ake ɗebowa daga cikin jama'a, direba da malamin makaranta da mai shago, su ne za su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. A Ghana ma haka ake shari'ar kisan kai, sai dai su mutum 7 ne. Sharaɗi ɗaya aka gindaya wa waɗannan masu taya alƙali: abin da aka gabatar a zauren kotu kaɗai za su yi aiki da shi.

Wayar hannu ta sa kiyaye wannan sharaɗi ya yi wuya. A 2011 wata malamar jami'a da ke cikin masu taya alƙali a garin Luton ta shiga intanet, ta gano an taɓa tuhumar mutumin da ake yi wa shari'ar da fyaɗe, ta kwashe labarin ta gaya wa abokan zamanta. Shari'ar ta rushe, ita kuma aka ɗaure ta wata 6 a farkon 2012. Daga 2015 dokar Ingila ta mai da irin wannan bincike laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2.

Dokar tana da hujja. Abin da shaida ya faɗa a kotu, lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya yi masa tambayoyi har a tankaɗe a rairaye. Abin da aka tsinto a waya da daddare babu mai tantance shi, kuma wanda ake tuhuma ba zai iya kare kansa daga maganar da bai ma san an yi ba. Mutumin nan na Luton an riga an wanke shi daga waccan tsohuwar tuhuma.

Amma tsoron kurkuku ba ya gusar da ruɗani, kuma ruɗanin ya girmi intanet. A 1994 wasu daga cikin masu taya alƙali a wata shari'ar kisan kai, da aka kwanar da su a otel a Brighton, suka kifa kofin gilashi, suka jera haruffa, wai suna kiran ruhin mamacin ya faɗa musu wanda ya kashe shi. Dole aka soke hukuncin aka sake shari'ar.

Shi ya sa ba a yi wa masu taya alƙali a shari'ar Vicky Pryce adalci ba. A Fabrairun 2013 ana tuhumarta da ɗaukar laifin gudun wuce kima da mota a madadin mijinta na lokacin, tsohon minista Chris Huhne. Mutanen suka aika wa alƙali tambayoyi 10 a rubuce. Suna son a fayyace musu wane irin kokwanto ne ya isa a saki mutum. Har suka tambaya ko za a iya yanke hukunci bisa dalilin da ba a kawo a kotu ba. Suka kasa cimma matsaya, aka sallame su, jaridu suka yi musu caa.

Tambayoyin sun nuna rashin fahimta, babu musu. To amma wa suka kai wa? Alƙali suka kai wa, a gaban lauyoyin ɓangarorin biyu, inda za a iya gyara. Tun da dokar Ingila ta hana fallasa abin da aka tattauna a ɗakin shawara, da sun yi gum sun yanke hukunci a kan kuskure, babu mai sani har abada. Duk wanda ya ga yadda aka yi musu dariya, ran da aka kira shi zai ji nauyin ɗaga hannu.

Jihar Arizona ta Amurka ta ɗauki hanyar da ta fi dacewa tun 1995. Ana barin masu taya alƙali su rubuta abin da suka ji, su kuma miƙa tambayarsu ga shaida a takarda. Alƙali ya duba ta tare da lauyoyi, in ta dace ya karanta wa shaida, in ba ta dace ba ya ajiye ta. Amsar tana shiga kundin shari'a, kuma lauyan wanda ake tuhuma yana iya ƙalubalantarta nan take.