Ranar da Kawu Ya Miƙo Mini Filafili

Ina aji huɗu a firamare aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Ruwa ya taso ya shanye fadamun da iyayenmu suka gada, ƙauyenmu Turawa ya wayi gari a bakin tafki. Manya suna lissafin gonakin da suka tafi, ni kuwa damuwata daban ce: i'ina nake yi. Idan aka ce in tashi in karanta, sai harafin farko ya maƙale mini a maƙogwaro, aji ya kwashe da dariya. Wata rana wani malami, Allah Ya yafe masa, ya ce in zauna, bakina ba na karatu ba ne. Na zauna, kuma na yi kusan shekara biyu ban sake ɗaga hannu ba.

A gida kuwa yabona ake yi. Baƙo ya zo na ɓuya a bayan rumbu, Inna ta ce, "Ai yaron nan akwai kunya." Wannan yabon shi ya fi ci mini rai idan na waiwaya. Kunya ado ce, ba na musun haka. Amma mai kunya ya san yana da abin faɗa, ladabi ne ya sa yake jiran lokacinsa. Ni na riga na yanke wa kaina hukunci cewa maganata ba ta da amfani ga kowa. A ido duk ɗaya ne, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, shi ya sa yara da yawa a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, musamman mata, suke girma da wannan ciwo ana ta sa musu albarka a kansa.

Kawuna, ƙanen Inna, yana cikin manoman da ruwa ya mayar masunta. Bai taɓa zaunar da ni ya yi mini nasiha ba. Wata asuba kawai ya tashe ni, muka gangara bakin ruwa muka shiga jirgi, da muka yi nisa da gaɓa sai ya miƙo mini filafili ya naɗe hannu. Jirgin ya yi ta juyi a wuri ɗaya, hawaye ya cika mini ido. Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya sauraron baki, hannu yake ji. Sake gwadawa." Kafin damina ta fita na iya tuƙi, na iya ɗaga kalli, na iya cire tarwaɗa daga raga ba tare da ƙayarta ta soke ni ba. Karon farko ke nan da na san akwai abin da nake yi daidai, kuma ba wani ne ya faɗa mini ba, kifin da ke cikin kwando ne shaida.

Sai ya ƙara mini nauyi. 'Yan sari suna zuwa daga Ƙaraye, wasu har daga Kano, tafiyar kusan kilomita 90. Ran nan Kawu ya ajiye kwandon karfasa a gabana ya ce ni zan yi ciniki, ya koma gefe yana ɗinkin raga kamar bai san ni ba. Wani dattijo ya taya da arha, don ya ga yaro. Kalma ɗaya nake buƙata, ta ƙi fita. "Al… al… albarka!" Mutane suka yi dariya, dattijon ma ya yi, amma ya ƙara kuɗi. Na sake cewa albarka, ya sake ƙarawa. A nan na gane cewa dariyar mutane ba ta rage kuɗin kifi da ko sisi ba.

Daga baya, a makarantar allo, da muka kai Suratu Ɗaha, malaminmu ya ba mu labarin yadda Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa kafin ya tunkari Fir'auna. Na koma gida ina tunanin cewa mai ƙullin harshe aka zaɓa a aika fada mafi ban tsoro a zamaninsa.

I'inar ba ta rabu da ni gaba ɗaya ba, har yau idan raina ya ɓaci takan dawo. Da na je sakandare a Kano an kira ni ɗan ƙauye, an kwaikwayi maganata, amma ban koma bayan rumbu ba.

Da Sallar bara na je gida, na ga 'yar ƙanena tana laɓewa a bayan ƙyaure, uwarta tana yabon kunyarta. Washegari na ba ta littafi da biro na ce ita za ta rubuta cinikin kifin babanta, ta kuma karanta mana jimilla da yamma. Murya na rawa ta karanta, ta kuma gano naira ɗari biyar da wani ɗan sari bai cika ba.