RA'AYI: Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, darasi ga ma'aikaci daga wani gida a Gubi

A hutun da na yi a Bauchi kwanakin baya na kwana biyu a gidan yayana da ke kusa da Gubi, a arewacin birnin, inda madatsar ruwan da ke shayar da Bauchi take, inda kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ke da mazauninta na dindindin. Ƙaramin ma'aikaci ne a wata hukumar gwamnatin tarayya, yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Da safe aka kawo mana shayi da burodi, sai na ga an ajiye wa kowane yaro dafaffen ƙwai guda a gabansa. Na san albashin yayana, na kuma san kuɗin kiret ɗin ƙwai a kasuwar Muda Lawal, don haka na tambaye shi ko wani alawus aka biya su. Bai ce komai ba, ya dai ja ni bayan gida ya nuna mini akurkin da ya haɗa da ragar waya da tsohon kwano, da kaji shida a ciki.

Tun daga ranar nake tunanin abokan aikina da masu karanta wannan shafi, waɗanda ke fitowa daga Kubwa da Nyanya da Mararaba da Gwagwalada tun duku-duku zuwa sakatariyar tarayya. Ra'ayina shi ne, duk ma'aikacin da ke da ɗan fili a bayan gida, kuma mai gidan haya da maƙwabta ba su hana shi ba, ya kamata ya ajiye kaji biyar zuwa shida domin ƙwan da iyalinsa za su ci. Sai dai ya shiga da lissafi, kada ya shiga da mafarkin zama attajiri.

Kowa ya san abin da ya faru da tukunyar ma'aikaci tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kuɗin mota da na haya da na makaranta sun riga sun lashe ƙarin kafin ya iso. Idan aljihu ya matse, magidanci ba ya rage tuwo, abin da ke cikin miya yake ragewa. Nama ne ke fara tafiya, kifi ya bi shi, sannan ƙwai, wanda farashinsa ya ninka a 'yan shekarun nan saboda tsadar masara da waken soya da ake haɗa abincin kaji da su. Babba zai iya jure wannan. Yaro ɗan shekara biyu kuwa jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ne ke biyan bashin.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma matsalar ta fi tsanani a jihohin Arewa. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, tare da wasu sinadaran da tuwon masara da miyar kuka ba sa bayarwa yadda ya kamata. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga ƙasar Ekwado ya gano cewa ba jarirai ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida ya rage tsumburewa sosai. Da aka maimaita irinsa a Malawi ba a ga wannan bambanci a tsayin yaran ba, abin da ke tuna mana cewa ƙwai abinci ne mai kyau, amma ba shi kaɗai ke raya yaro ba. Duk da haka, tsohon camfin nan da ke cewa yaron da ya saba da ƙwai zai koyi sata ya daɗe yana cutar da mu, kuma lokaci ya yi da za a binne shi.

Akwai wani dalili da ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ta ware noma a fili ta ce ba ta hana shi ba. Ke nan wanda ya ajiye kaji a bayan gidansa ba ya buƙatar ɓoye-ɓoye ko fakewa da sunan matarsa. Ƙofa ce da doka ta bari a buɗe, mu ne ba mu cika leƙa ta ba.

To, bari mu zo kan lissafi, domin nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Kazar gidan gona mai ƙwai tana fara sakawa ne idan ta kai mako 18 zuwa 20, kuma tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Kaji shida ke nan za su ci kusan giram 700 kullum, buhu mai kilo 25 ya kai su wajen mako biyar. Idan suna cikin ƙoshin lafiya za su ba ka ƙwai huɗu zuwa biyar a rana, wato fiye da kiret huɗu a wata. Kafin ka sayi ko da kaza ɗaya, je kasuwa ka tambayi kuɗin buhun abincin masu ƙwai, ka tambayi kuɗin kiret huɗu, ka kwatanta. Ka ƙara kuɗin sayen kajin da na akurki da na rigakafi. Za ka tarar ribar ba ta taka kara ta karya ba, wani watan ma kunnen doki za a yi. Babban amfanin yana wani wuri: ƙwan da ke cikin gida ba ya jiran ranar albashi. A mako na uku na wata, lokacin da babu wanda zai cire kuɗi ya sayi kiret, kaza ba ta san wata ya yi nisa ba.

Zaɓin irin kaza ma abin dubawa ne. Kazar Hausa tana da juriya, tana kiwon kanta, tana kwanci ta ƙyanƙyashe 'yan tsakinta cikin kwana 21, amma ƙwan da take yi a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Kazar gidan gona tana iya kusantar 300 a shekarar farko, sai dai ba ta yafe sakaci. A tsakaninsu akwai irin da masananmu suka samar domin yanayinmu, kamar ShikaBrown ta Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, sai kuma Noiler da ta cika kasuwanninmu. Shawarata ga mai farawa ita ce ya sayi sagarori masu gab da fara ƙwai daga gonar da ya sani, wadda za ta faɗa masa rigakafin da aka yi musu. Sun fi 'yan tsaki tsada, amma rainon ɗan tsako na buƙatar ɗumi da kulawar dare da rana, abin da mai fita aiki da asuba ba shi da shi.

Yayana bai san wannan ba sai da ya sha wuya. Karonsa na farko kaji takwas gare shi, suna ƙwai lafiya lau. Ana cikin hunturu ya ga wasu kaji biyu masu araha a kasuwar ƙauye, ya saya ya zuba cikin nasa a ranar. Kafin mako ya zagayo sun fara tari da koren zawo, wasu wuyansu ya murɗe, ɗaya ce kawai ta tsira. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ke nan, wadda kowace shekara take share kajin ƙauyuka idan iskar hunturu ta kaɗa. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa rigakafinta, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a ido ko a zuba a ruwan sha. Da ya sani, da ya killace baƙin kajin na mako biyu a wani wuri daban kafin ya haɗa su. Yanzu ko baƙo ya zo ganin kajin, daga bakin raga yake tsayawa.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya, dagewa suke so. Akurki mai faɗin mita biyu da mita ɗaya da rabi ya ishi kaji shida, a ɗaga shi daga inda ruwa ke kwanciya, a bar iska tana ratsa shi, a toshe duk ramin da ɓera ko muzuru ko maciji zai bi. A shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, a riƙa sauyawa kafin wari ya tashi. Ruwa kada ya yanke, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da kaji ke rage ci su kuma rage ƙwai. Ragowar tuwo da dusa da ganyen zogale ƙari ne mai kyau, amma ba za su maye gurbin haɗaɗɗen abinci ba, domin ɓawon ƙwai yana buƙatar sinadarin da ke cikin garin ƙashi da farar ƙasa. Idan an ba kaza maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tambayi likitan dabbobi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta. Yaran da suka ɗebo ƙwai su wanke hannu da sabulu, kuma kada kaji su riƙa yawo inda jariri ke rarrafe. Bayan shekara ɗaya da rabi ƙwan zai ja baya, sai a yanka su ko a sayar gab da Sallah a sayo sababbi. Sabo da kaza, ai, ba ya hana yanka ta.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, mafi yawan ma'aikatan Abuja 'yan haya ne, wasu a bene, wasu a rukunin gidajen da aka hana kiwo. Gaskiya ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya saɓa yarjejeniyar haya ko ya takura wa maƙwabci, domin haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙwai. Amma abin da ya fi jawo rigima shi ne carar zakara da wari, alhali kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai idan ƙyanƙyasa ake so, wari kuma ƙazanta ce ke kawo shi. Wanda ba shi da fili a Abuja, galibi yana da iyali ko iyaye a gida, a Bauchi ko Azare ko Misau. Maimakon dukan abin da yake turawa ya tafi a cefane, ya ware wani abu sau ɗaya ya kafa musu akurki.

Na biyu, akwai tsoron murar tsuntsaye. Wannan tsoro yana da tushe. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta bazu zuwa jihohi da dama har da Bauchi, kuma tun daga lokacin takan dawo jefi-jefi. Wannan ne ma ya sa nake cewa a killace kaji cikin raga, a raba su da agwagi da tsuntsayen daji, musamman a wuri irin Gubi da ke kusa da ruwa. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, a sanar da ofishin likitan dabbobi, kada a yanka a ci, kada kuma a garzaya da su kasuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Wani zai ce irin wannan rubutu yana sauke wa gwamnati nauyi, kamar ana ce wa ma'aikaci ya je ya yi kiwo ya daina kukan albashi. Ko kusa. An taɓa yin irin wannan kira a 1976 ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, aka ce kowa ya yi lambu ya yi kiwo a bayan gida, amma kira ba tare da kayan aiki ba bai daɗe ba. Kaji shida ba za su biya kuɗin haya ba, kuma haƙƙin ma'aikaci na albashin da zai riƙe shi yana nan daram. Abin da nake nema daga masu taimaka wa ministoci da 'yan majalisa da ke karanta mu ƙarami ne. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, kuma yawancin maganar da ake yi a kanta ta shanu ce da makiyaya. A tuna da mai kaji shida. Kwalbar rigakafin da ake samu a shago galibi ta kaji ɗari ce ko fiye, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin ɗan lokaci kaɗan, don haka mai 'yan kaji yakan ga asara ce ya haƙura. Da za a sa ma'aikatan lafiyar dabbobi su riƙa zagaya unguwanni kafin hunturu suna ɗiga wa kaji rigakafi a kan kuɗi kaɗan, da an ceci dukiyar mata da ƙananan ma'aikata masu yawan gaske. Kafin gwamnati ta motsa, ƙungiyoyin adashi na ma'aikata za su iya haɗa gidaje goma su sayi kwalba ɗaya da buhunan abinci a farashin sari.

Ranar da zan bar Gubi matar yayana ta ƙulle mini ƙwai goma a cikin roba da buntu don kada su fashe a hanyar Jos. Ta ce ita ce ke riƙe da littafin lissafin kajin, kuma a watan da ya gabata, bayan an cire kuɗin abinci, abin da ya rage bai kai kuɗin motar mako guda ba. Na tambaye ta ko za su daina. Ta ce autansu ya yi wata bakwai bai tafi makaranta da cikin shayi zalla ba, don haka buhu na gaba ma an riga an ware kuɗinsa.