Sadakar Lasifika da Gyaran Mudu

Wajen ƙarshen kowace shekara ikilisiyoyin Kumasi sukan yi bikin godiya ta kaka, har da ƙananan majami'u na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, inda 'yan arewa suke taruwa su yi sujada da Hausa ko da harsunansu na gida. Wanda ya taɓa halarta ya san yadda ake yi. Akan naɗa shugaban taro, kullum mai hannu da shuni, a zaunar da shi a kujera mai laushi tare da masu mara masa baya. Sai a ɗauko doya guda ko kwalbar ruwa a yi gwanjonta, mai lasifika yana kiran suna da adadin kuɗi, jama'a suna tafi. Daga nan a shiga gasar da Tonawa, wato Asante, suke kira Kofi da Ama: a kira mutane bisa ga ranar haihuwarsu, 'yan Litinin su fito da rawa, 'yan Talata su biyo, a ƙirga a ga ranar da ta ci. Gwauruwar da ta zo da 'yan tsabarta a ƙulle a bakin zane takan jira sai an sauko da adadin ƙasa ƙasa, masu tafi sun gaji, sa'an nan ta saci jiki ta jefa.

Kashegari Litinin sai a iske matar shugaban taron a kasuwar Kejetia. Ta cika kwano da doya da shinkafa da galan na manja, ta aza wa wata yarinya 'yar dako, irin waɗanda ake kira kayayei. Yarinyar ta ratsa cunkoso da kayan har tasha, wuyanta yana rawa. Da aka zo biya sai ciniki ya tashi kamar ana sayen saniya. "Mama, ki ƙara mini, kayan da nauyi." "Ke, in ba ki so, akwai irinki ɗari a can." Gidan da ya sayi doya guda jiya a kan kuɗin buhun masara, don a ji sunansa, shi ne yau yake ƙwace wa 'yar talaka kuɗin kokonta na safe. Wannan abin kunya ne ga masu bi, kuma ya fi zama abin kunya a Zango, domin unguwar nan ta san wata hanya tun kafin a kafa majami'a ta farko a cikinta.

Goro ne ya haifi Zango. Shekaru aru-aru fatake daga Kano da Katsina suna bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da huhunan goro. Sarakunan Tonawa ba su yarda ayari ya shigo cikin kurmi yadda ya ga dama ba, saboda haka a Salaga ake haɗuwa. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta kuɓuce daga hannun Asante, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta. Da aka kama Sarki Prempeh a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai ƙofa ta buɗe. Tsofaffin sojojin Hausa na Turawa suka zauna, fatake suka biyo su, Mosawa da Yarabawa da Wangarawa da Zabarmawa suka ƙaru. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, goro ya riƙa bin teku zuwa Ikko. Kowa a unguwar baƙo ne, kuma baƙo ba shi da gona, ba shi da dangi kusa. Abin da yake da shi kasuwa ce da mutunci.

Saboda haka taimako a tsohon Zango a cikin ciniki yake zaune, ba a ware masa rana ba. Bafatake ya sauka a gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da tuwo ba a tambaye shi ko kwabo ba, a ajiye masa kuɗinsa, a nemo masa dillali, in ya sayar bashi maigidan ne zai tsaya masa. Ladan maigida yana cikin la'ada. In baƙon ya kwanta ciwo, gidan ne zai yi jinyarsa. In ya mutu, gidan ne zai sa masa likkafani, ya aika wa danginsa saƙo da abin da ya bari. Ba alheri ne zalla ba, sana'a ce, maigidan da aka san shi da wulaƙanta baƙi zaurensa zai bushe. Amma sana'a ce da aka gina a kan cewa mai yunwa zai ci kafin a yi lissafi.

A wajen mata abin ya fi kyau, ya kuma fi ɓoyuwa. Mai sayar da gero ta auna wa mace mudu biyu, ta dubi zanenta, ta tuna mijinta bai daɗe da rasuwa ba, sai ta dumbuza hannu biyu ta ƙara, ta ce, "Ga gyara, Yaya." Kowa ana yi masa gyara, don haka ba wanda zai ce an yi wa wance sadaka. Mai sayarwa kaɗai ta san gyaran yau ya kusa rabin mudu. Mai koko da ƙosai ta san gidajen da ba a hura wuta ba, ta zuba wa yaransu, ta ce a gaya wa uwarsu ta biya ranar da ta samu, kuma ba ta aika a tambaya ba. Mai waake ta bar ƙanzon tukunya domin almajirai da leburori. Adashi, wanda mutanen nan suke kira susu, yana zagayawa, in wata ta shiga uku sai magajiya ta ce a ba ta kwasar wannan mako, mai layi ta haƙura. Cefane kansa ziyara ne. Mace takan fita sayen kayan miya ta shafe rabin safiya, ta gai da mai jego, ta ji wanda aka kwantar a asibiti, ta biya ta gidan makoki ta ajiye gudummawarta. Da haka labarin mai bukata yake isa kunnen mai iya taimako ba tare da mai bukatan ya buɗe baki ba.

Kada mai karatu ya zaci ana cewa mutanen da mala'iku ne. Kasuwar Salaga da ta tara goro ta tara bayi, kuma da yawa cikin waɗanda aka sayar a can kakannin 'yan arewan da suke cika majami'un Zango ne a yau. Akwai masu gida da suka cinye dukiyar marayu, akwai masu mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. A Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, an ga hali iri biyu a titi ɗaya: wasu sun saye kayan maƙwabtansu a kan kuɗin banza suna murna, wasu sun riƙe mabuɗin ɗaki da amana suna jiran mai shi. A yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, wadda kuma Nijeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan guda, masu ɓoye abinci sun ɓoye. Duk da haka tsofaffin da suka ga shekarar, in suna lissafin abin da ya raya su, ba sa mantawa da bashin mai koko.

To, ina masu bi suka baro wannan? Kakannin Kiristan Zango, Farafara da Dagati da Kasena da Kusasi da sauransu, sun gangaro kudu neman aikin gonar koko da haƙar zinariya a Obuasi. Wasu sun zo da bangaskiyarsu daga Navrongo, inda Fada-fada suka kafa mishan a 1906, ko daga Jirapa, inda suka kafa a 1929. A ɗakunan hayar Musulmi suka sauka, gyaran matan Musulmi suka ci, da Hausar kasuwa suka fara fahimtar juna. 'Ya'yansu sun yi makaranta, sun zama malamai da ma'aikatan jinya da 'yan kwangila, abin godiya ne ga Allah. Amma da suka sami abin hannu sai suka kwaikwayi sadakar manyan majami'un cikin gari, ta kujera mai laushi da ambulan, suka raina ta iyayensu.

Wani zai ce gyara da ciyar da baƙo al'adar Musulmi ce, ikilisiya tana da tata hanya. Wanda ya faɗi haka bai karanta littafin Rut ba. A sura ta 2 Bo'aza bai tara mutanen Baitalami ya miƙa wa baƙuwar nan damin sha'ir a gabansu ba. Ya ja masu girbinsa gefe, ya umarce su su riƙa zare zangarniya da gangan suna yarwa a inda za ta bi, kada kuma su tsawata mata. Rut ta koma gida da abin da ta yi kala da hannunta, kanta a sama. In wannan ba gyaran mudu ba ne, mene ne? Littafin Firistoci sura 19 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa, ya kuma hana ma'aunin zalunci, duka a sura ɗaya, domin a wurin Ubangiji ciniki da jinƙai ba a raba su. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, kafin rana ta faɗi. Game da busa ƙaho kuwa, Matiyu sura 6 ba ta bar wa mai lasifika wurin ɓuya ba, haka kuma Yakubu sura 2 game da kujerar da ake ba mai zoben zinariya. Ana karanta waɗannan surori a majami'un nan. Wani lokaci ma a ranar bikin ake karanta su, kafin a fara gwanjo.

Wani kuma zai ce, da wannan hujja ce mai nauyi, in ba a kira suna ba mutane ba za su bayar ba, rufin majami'a kuwa yana yoyo, ga albashin fasto, ga kuɗin makaranta. Gaskiya ne rufi yana bukatar kwano, kuma gaskiya ne kuɗin ikilisiya yana bukatar littafi da masu ƙirga biyu ko uku, domin abin da aka yi a duhu ɓarawo yana sonsa. Amma rubuta kuɗi a littafin ma'aji daban, shelar sunan mai bayarwa daban. In kuwa da gaske ne masu bi ba za su saki kuɗi ba sai an tafa musu, to dattawa sun gano ciwon da ya fi yoyon rufi, kuma bikin kowace shekara ƙara masa abinci yake yi. Yaron da ya girma yana ganin ana auna mutum da ambulan, shi ne gobe zai zama dattijo.

Har rabon da ake yi wa matalauta ya kamu da wannan ciwo. Lokacin Kirsimati a tara tufafin gwanjo, irin da Tonawa suke yi wa kirari da kayan Baturen da ya mutu, a jera gwauraye a rana, a miƙa wa kowace ƙullin shinkafa, wani yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto don a sa a Facebook. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana rufa wa kanta asiri a unguwa, yau fuskarta tana yawo a wayoyin jikokin maƙwabta da ƙullin shinkafa a hannu. Shi ya sa waɗanda suka fi bukata ba sa zuwa. Sun gwammace yunwa. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, ba a san yawan rigunan da ta ɗinka ba sai ranar da ta mutu, gwauraye da kansu suka fito da su suna kuka.

Kasuwa ta sāke, ba mai musun wannan. An buɗe Kumasi City Mall a 2017, inda farashi yake manne a jikin kaya, ba tayi, ba albarka, ba gyara, mai karɓar kuɗi kuma ba ta da ikon ƙara ko ƙwayar shinkafa. Kuɗin waya ya sa ana iya aika gudummawar makoki ba a taka ƙofar gidan ba. Ba laifi ba ne mai bi ya shiga kanti ko ya aika kuɗi ta waya. Laifin shi ne ya biya abin da aka rubuta a kanti ba gardama, sa'an nan ya fito ya tsaya yana murɗe mai tumatir a bakin titi a kan 'yan fesuwa. Ƙarfinsa a kan mara ƙarfi kaɗai yake tashi.

Abin da ya kamata dattawa da zumuntar mata su yi ba ya bukatar kwamiti daga Turai. Matan ikilisiya da yawa 'yan kasuwa ne, sun san wanda ya daina sayen nama, sun san wadda ta rage mudu. A ware wani kashi na baikon godiya a sa a hannun biyu ko uku daga cikinsu masu amana, su riƙa biyan bashin gwauraye a wurin mai koko da mai gero da mai magani a asirce, ma'aji ya rubuta adadi, fasto kaɗai ya san suna. Kada a tambaya ko mai bashin Kirista ce ko Musulma, domin ba a tambayi kakannin masu bi ba sa'ad da aka zuba musu. A daina kiran adadi a lasifika, ko da kuɗin bana zai ragu. Kafin mutum ya hau kujerar shugaban taro kuma, a bincika a hankali ko ya biya magininsa da mai yi masa wanki da yarinyar gidansa.

Sai maganar 'yan dako. Gwamnati ta soke harajin kasuwa da ake karɓa a hannunsu a 2017, amma ba gwamnati ce take biyansu ladan kaya ba, masu cefane ne. Yawancinsu daga arewa suke, daga ƙauyuka irin waɗanda iyayen masu bi suka baro, suna kwana cunkushe a ɗakunan katako ko a barandar shaguna, wasu da goyo a baya. Sabuwar kasuwar Kejetia hawa-hawa ce, mai kaya yana tafe hannu sake, yarinya tana bin matakala da kwano a ka. In an isa tasha a taimaka mata ta sauke, a tambayi sunanta da garinsu, a ba ta abin da ta faɗa, a ƙara mata gyara.